Ɓoye aibin gida da rigimar kuɗin takardu a cinikinmu na Legas

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu na wannan jarida domin in ja hankalin 'yan uwana mazauna Legas kan yadda muke cinikin gidaje a tsakaninmu, musamman abin da ya wajaba mai sayarwa ya bayyana, da kuɗaɗen da ke biyo baya idan an sallama. Ni ba lauya ba ne. Ɗan kasuwar hatsi ne da ya haura shekara talatin a Agege, sai dai furfura ta sa ana yawan kirana in zauna shaida, kuma wani ciniki da na sa wa hannu bara shi ne ya hana ni yin shiru.

Wani dattijo ɗan garinmu ya yanke shawarar komawa gida bayan ƙarfinsa ya ƙare, sai ya sa gidansa na wajen Agiliti a kasuwa. Wanda ya taya matashi ne mai sana'ar gwari a Mile 12, wanda ya daɗe yana tara kuɗi don ya raba iyalinsa da gidan haya. Mun je duba gidan a watan Maris, lokacin da ƙasa ta bushe ƙayau. Ina shiga tsakar gidan na lura an shafa wa bango sabon fenti daga ƙasa zuwa daidai ƙirjina, daga nan zuwa sama kuwa tsohon fenti ne da ya kwana biyu. Na kuma ga an ɗaga soket ɗin wuta na falo sama da inda aka saba sa shi, ƙasan ƙofar ƙarfe ta waje kuma tsatsa ta cinye shi. Duk wanda ya zauna a Legas ya san fassarar waɗannan alamu, ni ma na sani, amma na ce a raina ba ni aka kira in ɓata wa dattijo ciniki ba. Aka karanta fatiha, aka rubuta rasit, muka sa hannu mu uku, dattijo ya hau mota ya yi Arewa.

A watan Oktoba, da aka saki ruwa daga madatsar Oyan da ke jihar Ogun, kogin Ogun ya cika ya tumbatsa kamar yadda mazauna Isheri da Agiliti da Ajegunlen hanyar Ikorodu suka saba gani, ruwa ya shiga gidan ya tsaya ƙasa kaɗan da inda sabon fentin ya ƙare. Kafin wannan ma tuni an fara tsamin rai, domin 'yan haya biyu da ke ɗakunan baya sun fito da rasit ɗin da ke nuna sun biya dattijon hayar shekara guda mako uku kafin cinikin, sannan an zo an liƙa takardar neman harajin ƙasa da gini na shekarun da ba a biya ba. Da muka samu dattijon a waya muna zaune a zauren sulhu, yaron ya ce masa, "Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ruwa yana shiga ba?" Dattijo ya ce, "Ɗana, ai ba ka tambaye ni ba."

Wannan amsa ita ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin lauyan da muka kai wa maganar ya nuna mana cewa a gaban kotun Legas amsar tana da ƙafafun tsayawa. Dokar cinikin ƙasa da muka gada daga Ingila ta ɗora wa mai saye nauyin buɗe idonsa, kusan daidai da abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tsagewar bango, rufin da ke yoyo, sokawen da ya cika, unguwar da ruwa ke ci, duk doka ba ta tilasta wa mai gida ya buɗe baki ya lissafa su da kansa ba. Inda take kama shi shi ne idan an tambaye shi ya yi ƙarya, ko ya yi wata dabara da gangan don ya rufe aibin. Sabon fenti a kan shatin ruwa yana iya shiga wannan babi, amma sai mai ƙara ya gamsar da alƙali cewa don yaudara aka shafa shi, alhali mai gida zai ce kowa yana yi wa gidansa kwalliya kafin ya kai shi kasuwa. Game da 'yan haya kuwa, wanda ya tarar da mutane zaune a cikin gida bai tambayi matsayinsu ba, doka tana ɗaukarsa tamkar ya san haƙƙinsu, kuma dokar haya ta Legas ta 2011 ta ba mai biyan shekara-shekara notis na wata shida idan babu wata yarjejeniya a rubuce da ta saɓa wa haka. A Amurka jihohi da yawa suna wajabta wa mai sayar da gida cike takardar bayyana aibi, har dokar tarayyarsu ta ce a sanar da mai saye abin da aka sani game da fenti mai dalma a gidajen da aka gina kafin 1978. Mu a nan kariyar mai saye ita ce tambayar da ya yi da bakinsa, aka kuma rubuta amsarta a cikin yarjejeniya.

To a nan ne al'adarmu ke kayar da mu. Yaron bai yi tambaya ba saboda kunya, domin a tarbiyyarmu titsiye sa'an mahaifinka da tambayoyi kamar ƙaryata shi ne, neman lauya a cinikin ɗan gari kuma ana yi masa kallon rashin yarda. Sai ga shi muna ciniki da amana irin ta gida a ƙarƙashin dokar da ta ɗauka cewa kowa ya zo da idonsa da lauyansa. Mai sayarwa ya ci moriyar kunyar mai saye, in rigima ta tashi kuma ya fake da dokar da bai taɓa tunawa da ita ba.

Abin da ya fi damuna shi ne addininmu bai bar wannan ƙofa a buɗe ba. Kowane ɗan makarantar zaure ya ji hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce wani mai sayar da abinci, ya cusa hannunsa cikin tsibin ya ji danshi, da mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tambaye shi me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama don mutane su gani, sannan ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ni mai sayar da hatsi ne, na san abin da ake nufi da ɗora mai kyau a bakin buhu, kuma ban ga bambanci tsakanin wannan da fenti a kan shatin ambaliya ba. Akwai kuma hadisin da ya ce idan masu ciniki biyu suka yi gaskiya suka bayyana za a sa musu albarka a cinikinsu, idan suka ɓoye suka yi ƙarya za a shafe albarkar. Malamanmu na Malikiyya sun lissafa ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta a ciniki, sun kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya idan ya gano tsohon aibi mai girma da aka ɓoye masa. Babu inda aka ce sai an tambaya. Ni ma da na ga alama na kama bakina ban fita daga laifin ba, kuma na faɗi haka a gaban jama'a ranar sulhu.

Inda dokar Legas ba ta sassauta wa mai sayarwa shi ne asalin mallaka. Duk wani ɓoyayyen cikas da ke kan gidan, wanda mai saye ba zai gane shi da zagaya gida ba, wajibi ne a bayyana shi ko ba a tambaya ba, kamar a ce an jinginar da gidan a banki, ko akwai shari'a a kansa a kotu, ko wani yana da rabo a cikinsa. Jingina tana da wuyar ganewa domin wani lokaci ajiye asalin takardu kawai ake yi a wurin mai bin bashi ba tare da an yi rajista ba, saboda haka duk mai gidan da ya ce sai dai ya nuna hoton takarda don asalin tana wurin wani ɗan uwansa, to a dakata. Gidan gado ma haka yake, kuma shi ne ya fi yawa a cinikinmu yanzu da iyayen da suka gina Agege da Idi-Araba suke ƙarewa. Babban wa ba shi da ikon sayar da gidan da ba a raba ba don kawai shi ne babba. Rabon da malamai suka yi a zaure yana warware haƙƙi tsakanin magada, amma ofishin filaye yakan nemi takardar izinin kula da dukiyar mamaci daga sashen gado na Babbar Kotun jiha kafin ya karɓi sa hannun kowa. A wajen filayen dangi na Yarabawa, waɗanda daga hannunsu yawancinmu muka saya tun farko, kotuna sun daɗe da tsayar da cewa cinikin da 'yan dangi suka yi ba da shugaban dangi ba ɓatacce ne daga tushe, wanda shugaban ya yi da sunan dangi ba da yardar manyansu ba kuma ana iya rushe shi. Dokar kare kadarori ta 2016, wadda Gwamna Akinwunmi Ambode ya sa wa hannu don maganin omo onile, wato masu iƙirarin gadon ƙasa da ke ƙwace filaye suna tatsar masu saye, ta tanadi ɗauri ga wanda ya sayar da abin da ya san ba nasa ba ne ko wanda ya riga ya sayar wa wani, hukuncin sayar da filin dangi ba da yardar shugabansu ba kuwa ya kai shekara 21.

Sai kuma filin da gwamnati ta riga ta karɓe ko ta shata don wani aiki. Wanda ya ga gine-ginen da aka rushe kafin a buɗe gadar Pen Cinema a 2021, da waɗanda layin jirgin ƙasa na Agbado zuwa Oyingbo ya shafa, da waɗanda aka rushe a 'yan shekarun nan saboda sun hau kan magudanar ruwa, ba ya bukatar dogon bayani. Ana kai takardar safiyo ofishin Babban Safiyo na jiha a ɗora ta a kan taswira a ga ko filin yana cikin wanda gwamnati ta karɓe ko wanda ta sake wa dangi ta buga a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, ana kuma bincike a rajistar filaye da ke Alausa, inda sakatariyar gwamnatin jiha take. Kuɗin wannan bincike bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin gida, amma mun fi son cinikin biri a sama. Mai gidan da aka taɓa shafa wa jan fentin alamar rushewa a bango ko aka ba shi takardar gargaɗi daga hukumar gine-gine, ya sayar bai faɗa ba, ya san abin da ya aikata.

Rabi na biyu na rigimarmu shi ne kuɗin da ke zuwa bayan an ce an sallama. Mutanenmu suna daidaita farashi su tashi, sai daga baya kowa ya fara cewa ai a kan wancan yake. Dokar amfani da ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta kafa, ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna, sashe na 22 ya hana mai riƙe da ita ya sayar ko ya jinginar sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa haka ba shi da inganci. A 1989 Kotun Ƙoli, a shari'ar bankin Savannah da Ajilo, ta ce wannan sharaɗi ya hau har kan waɗanda suka mallaki filayensu tun kafin dokar ta zo. Ma'ana, rasit da shaidu uku da fatiha ba su mayar da sunan mai saye cikin littafin gwamnati ba, ko da mai sayarwa yana da C of O, wato takardar shaidar mallaka da gwamnati ke bayarwa.

A doka, mai sayarwa ne ke da alhakin neman wannan amincewa, amma a aikace an saba barin wa mai saye ya bi sawunta ya kuma biya. Kafin 2015 abin da Legas ke karɓa ya kai kashi 13 cikin ɗari, sai Gwamna Babatunde Fashola ya rage shi a watan Janairun shekarar zuwa kashi 3: ɗaya da rabi kuɗin amincewa, sannan rabi-rabi na harajin riba da kan sarki da rajista. Ana lissafin ne a kan ƙimar da gwamnati ta yi wa unguwar, wadda take sabuntawa lokaci zuwa lokaci, don haka dabarar rage farashi a takarda ba ta tsinana komai, illa ma ta cuci mai saye ranar da zai nemi a mayar masa da kuɗinsa. La'adar dillali a cinikin gida an fi jin kashi 5, kuma sau da yawa dillalai huɗu ko biyar ne ke jere a bayan ciniki ɗaya, kowa yana jiran rabonsa daga ɓangarorin biyu. Tun 2022 akwai dokar da ta ce dillalan gidaje su yi rajista da LASRERA, hukumar jiha mai kula da harkar cinikin gidaje da filaye, kodayake ban ga ana tambayar dillalanmu takardarsu ba. Jadawalin kuɗin aikin lauyoyi da aka fitar a 2023 ya sa kashi 10 a matsayin mafi ƙarancin abin da lauyan mai saye zai karɓa idan kuɗin gidan bai kai naira miliyan 50 ba, lauyan mai sayarwa da ke duba takardar kuma rabin haka. Idan muka ɗauki gidan naira miliyan 40 a matsayin misali, la'ada miliyan 2 ce, rabon gwamnati miliyan 1 da dubu 200 idan ƙimarta ta zo daidai da farashin, lauya kuma miliyan 4 a bisa jadawalin, ba a sa kuɗin sabon safiyo da zirga-zirga ba. Mutumin da ya kwashe duk abin da ya tara ya miƙa wa mai gida, ina zai samo waɗannan? Shi ya sa takardun gidajenmu da yawa suke kwance a ƙasan akwati shekara da shekaru, gida ya bi hannu uku ba a kai ko ɗaya Alausa ba, na ƙarshe kuma shi zai sha wahalar gyara abin da na gabansa suka bari.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da mu baƙi. Neman amincewar gwamna yana bukatar mai sayarwa ya sa hannu a fom ɗin da ake kira 1C da takardar miƙa mallaka, ana kuma neman shaidar biyan haraji. Bayarabe idan ya sayar da gida yana nan cikin gari, ana iya ƙwanƙwasa masa ƙofa. Namu kuwa yawanci don zai koma gida yake sayarwa, yana karɓar kuɗi ya yi sallama da Legas, idan kuma ta Allah ta kasance sai a koma bin magada goma sha a garuruwa daban-daban, wasu ma ba su san an sayar ba. Ra'ayina shi ne kada a cika wa kowa kuɗinsa sai a zaman da zai sa hannu a duk takardun nan ya miƙa na asali. Biyan ma a yi shi ta banki, domin dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba, ga shi kuma takardar banki shaida ce da ba ta mantuwa ba ta tafiya Arewa.

Shawarar da nake kai wa sarakunan Hausawa na unguwanninmu da limamai da shugabannin kasuwa ba ta bukatar jiran majalisa. A mayar da shi ƙa'ida cewa kafin a karɓi kafin alƙalami, mai gida zai zauna gaban shaidu a rubuta abin da ya sani: ko ruwa yana shiga kuma ina yake tsayawa, su wane ne 'yan haya kuma yaushe kuɗinsu zai ƙare, nawa ake bin gidan na wuta da na harajin ƙasa da gini, ko an taɓa jinginar da shi ko kai shi kotu, da kuma wanda ya sayar masa da takardar da ya ba shi. A ƙasan wannan a rubuta wanda zai biya dillali, da wanda zai biya lauya, da wanda zai ɗauki kuɗin Alausa, sannan lauya ya shigar da takardar cikin yarjejeniya, ta yadda ƙarya a cikinta za ta zama abin da kotu ke iya kamawa. Idan shaidu ne ke yin tambayoyin a matsayin al'adar zama, an ɗauke wa yaro nauyin titsiye dattijo, dattijon ma ba zai ji an zarge shi ba. Na san masu gidaje za su ce faɗin aibi yana karya farashi, kuma gaskiya ne yana karyawa, sai dai abin da ya ragu ɗin dama ba haƙƙinsu ba ne. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu a ciniki take, saboda haka babu wanda zai ce rubutu baƙon abu ne a wurinmu.

Sulhunmu ya ƙare da dattijon ya mayar da kuɗin hayar da ya karɓa, ya biya rabin bashin harajin, aka kuma aika masa da takardu da ɗan saƙo har garinmu ya sa hannu. A kan ruwa bai mayar da ko sisi ba. Yaron ya ɗaga dokin ƙofarsa da bulo biyu, ya mayar da buhunan abinci kan benci, kuma a makon jiya ya same ni a rumfa ya ce yana so ya sayar da gidan idan rani ya yi, yana roƙon in zo shaida. Na ce masa zan zo, amma sai an auna inda ruwan ya tsaya an rubuta shi a takarda kafin a kira mai fenti. Ya ce zai yi shawara, har yau kuma bai dawo ba.

Wassalam.

Naka,
Wani mai karatu,
Agege, Legas.